Wa'adin Mako Biyu

A ranar 26 ga Yuni, 2003, kamfanonin Sony Online Entertainment da LucasArts suka buɗe wani wasan kwamfuta a Amurka mai suna Star Wars Galaxies. Irin wasannin nan ne da dubban mutane ke shiga ta intanet a lokaci guda, kowa daga ɗakinsa, su haɗu a duniya ɗaya, kowa da surar da ya zaɓa ta wakilce shi. A lokacin sai ka sayi faifai, sannan duk wata ka biya kusan dala 15. An gina wasan a kan finafinan Star Wars da suka fara fita a 1977, kuma duk wanda ya kalle su ya san jarumansu, Luke Skywalker mai takobin haske da Han Solo matuƙin jirgi ɗan fasa-ƙwauri. Amma waɗanda suka tsara wasan, da Raph Koster a kan gaba, ba su ce kowa ya zo ya zama jarumi ba. Fili suka shimfiɗa, duniyoyi goma da sana'o'i sama da talatin, suka ce wa jama'a bismillah.

Jama'a kuwa suka shigo suka zauna. A cikinsu akwai wani da ba sai mun san sunansa ba, domin irinsa suna da yawa, kuma abin da ya same shi ya sami dukkansu. Ma'aikaci ne a wani gari na Amurka, yakan dawo gida da yamma a gajiye, ya ci abinci, ya kunna kwamfuta. Tun makon farko ya gane harbi da sara ba su dame shi ba. Dabbobi ne suka ɗauke masa hankali, don haka ya kama sana'ar kiwo, har mutanen garinsu suka daina kiransa da komai sai Makiyayi.

Kiwo a wannan duniya aikin haƙuri ne. Dabbobin daji suna da makwancinsu, kuma jefi-jefi akan ga jariri a cikinsu. Jariri kaɗai ke horuwa. Sai mutum ya ɓoye warin jikinsa, ya lallaɓa ta tsakanin iyayen, ya tsaya kusa da ɗan yana rarrashinsa. Wani lokaci ya yarda ya biyo shi, wani lokaci ya juyo da cizo, garken duka ya taso masa. Akwai dabbobin da za ka yi makonni kana ratsa daji ba ka ga jaririnsu ba. In ka dace ka samu, aiki bai ƙare ba. Zai ɗauki kwanaki yana girma, sai ka ciyar da shi, ka yi masa wasa, ka koya masa umarni ɗaya bayan ɗaya: zo, tsaya, kama, tsare ni. A wajen koyarwar ne ma dabba ke koyon sunanta, domin sai ka yi ta haɗa sunan da umarni kafin ta ɗauka. Makiyayi ya fara da kaadu, wata dabba mai ƙafa biyu ta duniyar Naboo da ake hawa. Ya samo bantha mai gashi da murɗaɗɗen ƙaho daga hamadar Tatooine. Daga baya, da hannunsa ya faɗa, ya shiga Dathomir, duniyar da ko mayaƙa ba sa shiga su kaɗai, ya yi ta sintiri har Allah ya haɗa shi da jaririyar rancor, dodon nan da ya kusa cinye Luke a fim ɗin 1983. Sunan karyar da ya yi kiwo yana yaro ya sa mata.

Dokoki biyu ne suka riƙe wannan duniya. Ta farko, sura ɗaya tak mutum yake da ita a kowace sabar, wato kowane kwafin duniyar da kamfani ya buɗe. In ka cuci wani yau, da wannan fuska da wannan suna za ka fito gobe. Ta biyu, maki 250 aka ba kowa na koyon sana'a, kuma ba su isa mutum ya ƙware a komai da komai ba. In ka zuba su a kiwo, ba ka da na ƙira. Ga shi kaya suna tsufa. Bindiga tana lalacewa da harbi, sulke yana cinyewa da sara, dole a koma wurin maƙeri. Maƙeri ba ya ƙira sai da ƙarfe, ma'adinai kuwa ba sa zama wuri ɗaya, bayan 'yan kwanaki jijiyar da ake haƙa ta ƙafe wata ta ɓullo a wata duniyar, wata mai kyau wata marar kyau. Saboda haka akwai masu yawo da na'urar awo suna neman ƙarfe mai nagarta, akwai masu tara shi su ɓoye don ranar tsada. Mafarauci ya kawo fata da ƙashi da nama, tela ya sayi fata, likita ya sayi nama ya haɗa magani. A bakin tashar jirgi ta birnin Coronet, a duniyar Corellia, likitoci sukan zauna mayaƙa su yi layi a gabansu, a yi musu allurar ƙarin ƙarfi kafin su fita daji. In an dawo kuma da gajiyar yaƙi, babu maganinta sai a shiga gidan kiɗa a zauna gaban mai rawa ko makaɗi, waɗanda su ma mutane ne a ɗakunansu. Ana zaune ana jiran gajiya ta sauka sai hira ta ɓarke, a nan ake ƙulla ciniki, a nan ake ƙulla abota.

A watan Nuwamba na 2003 aka ba 'yan wasa damar kafa garuruwansu. Makiyayi da abokansa suka zaɓi wani fili mai ciyawa ruwan shuni a duniyar Dantooine. Magini ya ƙera musu gidaje da zauren gari, suka yi zaɓe, suka ɗora wani dattijo mai ritaya a kan kujerar magajin gari. Shi ke yanka haraji, shi ke nuna inda za a dasa fitila da inda za a yi lambu, kuma lokaci-lokaci sai ya sake tsayawa a gaban masu ƙuri'a. Hannunsa na dama yana da ciwon gaɓoɓi, amma wasan bai buƙaci sauri ba, ka zaɓi abokin gaba ka jera umarni ka jira. Wata tela ta buɗe shago kusa da tasha, kuma ita ta ɗinka kayan bikin farko da aka yi a garin. Makiyayi yana horar da dabbobin hawa yana sayarwa. Wanda ya sayi kaadu a hannunsa, in ya gan shi bayan wata shida, sai ya tsaya ya ba shi labarin dabbar.

Duniyar tana da aibobinta, manya ma kuwa. Kurakuran na'ura sun yi mata yawa, wasu ayyukan ka fara su ba sa ƙarewa, wasu sana'o'in yaƙi sun fi wasu ƙarfi nesa ba kusa ba. Baƙo yakan sauka a tasha ya tsaya ya rasa gabas da yamma, babu mai ce masa ga inda za ka. Sai kuma maganar Jedi, masu takobin haske. Da farko an ɓoye hanyar zama Jedi, sai a Nuwamba 2003 aka sami na farko. Da aka gane cewa sirrin yana cikin ƙwarewa a sana'o'i daban-daban, mutane da yawa suka watsar da sana'ar da suke so, suna koyon wata su yar su kama wata. A 2004 aka sauya hanyar ta koma wani ƙauye a Dathomir, inda mutum zai yi watanni yana wahala. Babu wanda ya fi mazauna sanin waɗannan matsaloli, babu kuma wanda ya fi su kuka a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyara suke roƙo dare da rana.

Ana haka, ranar 23 ga Nuwamba, 2004, kamfanin Blizzard ya buɗe World of Warcraft. Wasa ne mai sauƙin shiga, an share wa baƙo hanya tun daga ƙofa: je ka kashe kaza, dawo ka karɓi lada, wuce gaba. Kafin ƙarshen Agustan 2005 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 4, a Disamba suka kai miliyan 5. Star Wars Galaxies ya sayar da faifai miliyan ɗaya zuwa wannan Agustan, amma masu biyan kuɗin watansa ba su kama ƙafar na maƙwabci ba. Masu kamfani suna riƙe da sunan da ya fi kowane suna a duniyar fim, ga wani da ba shi da fim ko ɗaya ya yi musu fintinkau. Damuwarsu ta gaskiya ce, ban raina ta ba. Akwai albashin ma'aikata, akwai masu hannun jari, akwai masu sunan da ke tambayar ina ribar. Wanda bai taɓa riƙe amanar wuri ba ne kawai zai ce a bar komai yadda yake har abada.

A Afrilun 2005 suka sauya tsarin yaƙi, suka liƙa wa kowa lambar mataki irin ta maƙwabci, allurar likitoci ta rage daraja, layin Coronet ya watse. Wasu suka yi fushi suka tafi. Makiyayi ya zauna, ya ce tunda garkensa yana nan, sauran mai sauƙi ne. Ranar 1 ga Nuwamba aka fitar da sabon ƙari mai suna Trials of Obi-Wan, wanda ya buɗe duniyar Mustafar mai aman wuta, kuma a cikin kayan da ke ciki har da na makiyaya. Ya biya kuɗinsa da murna.

Bai gama zagaya sabuwar duniyar ba sanarwa ta fito. Ranar 15 ga wata za a sauya wasan tun daga tushe. Sana'o'i talatin da wani abu za su koma tara: Jedi, mafarautan masu laifi, 'yan fasa-ƙwauri, kwamando, 'yan leƙen asiri, hafsoshi, likitoci, masu nishaɗantarwa da 'yan kasuwa. Makiyayi ya karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, ya sake karantawa. Babu kiwo. An ce an yi bincike, an ji ra'ayoyin jama'a. An yi watanni ana wannan aiki a ɓoye, mutanen da suke biyan kuɗin wata ba su da labari, kuma wa'adin da aka ba su bai cika mako biyu ba. Abin ya yi kama da mai gida ya karɓi kuɗin hayar shekara yau, jibi ya turo a cire rufi. Da ihu ya yi yawa kamfanin ya yarda zai mayar wa masu so kuɗin ƙarin da suka saya. Shekara biyu da mutum ya zuba kuwa, babu ofishin da ake karɓarta.

A daren suka taru a zauren gari, har waɗanda aka daɗe ba a gani ba.

"Magaji, kai ne babba," in ji tela. "Ka rubuta musu da sunan garin nan. Ka ce a gyara abin da ya lalace, mun yarda. Ka ce a ƙara mana wata uku mu yi shawara."

"Na rubuta, 'yata," in ji dattijon. "Magadan wasu garuruwan ma sun rubuta. Amsa ɗaya ake ba mu: mu gwada tukuna, za mu so shi."

"Ka gwada?"

"Na shiga inda ake gwajin. Yanzu sai ka saita da linzami ka yi ta dannawa da sauri. Minti kaɗan na yi hannuna ya riƙe."

Aka yi shiru. Wani maƙeri ya ce shi an ce masa zai zama ɗan kasuwa, amma ɗan kasuwa ba ya yaƙi, ke nan ba zai iya fita daji ya duba injinan haƙarsa ba sai da rakiya. Wani da ya yi watanni a ƙauyen Dathomir kafin ya riƙe takobin haske ya ce daga ranar 15 duk wanda ya sayi faifai da safe zai zama Jedi kafin azahar. Tela ta juya ga Makiyayi.

"Ɗan'uwa, kai ba ka ce komai ba."

"Ni tambaya ɗaya nake da ita," ya ce. "Su wa aka tambaya? Mu nan mun fi shekara biyu. Akwai wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa?"

Babu wanda aka ƙwanƙwasa wa.

Ya kwana goma yana fito da dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya yana zagaya gari da su, masu son hoto suna ɗauka. Ranar 15 ga Nuwamba, 2005, ya dawo daga aiki ya kunna kwamfuta. Kafin a bar shi ya taka ƙasa sai da aka sa shi ya zaɓi ɗaya daga cikin taran nan, ya zaɓa don dole. Gidansa yana nan inda ya bar shi, zauren gari yana nan, fitilun da Magaji ya dasa suna ci. Ba a taɓa ko bango ɗaya ba. Ya buɗe allon ajiyarsa, ga sunayen dabbobin a jere, har da ta Dathomir. Ya danna kira. Ba ta fito ba. In ban da dabbobin hawa, babu wadda za ta sake fitowa, domin sana'ar da ke da ikon kiransu an shafe ta.

Daga nan abubuwa suka bi juna. An cire tsufan kaya, don haka wanda ya sayi bindiga sau ɗaya ba shi da dalilin komawa wurin maƙeri. Gajiyar yaƙi ma ta zama tarihi a cikin sauye-sauyen wannan shekara, gidajen kiɗa suka yi fayau. 'Yan wasa masu naƙasa, waɗanda tsohon tsari ya ba su damar yin kafaɗa da kafaɗa da kowa, suka yi ta kuka cewa sabon ya fi ƙarfin hannuwansu. Magaji ya miƙa kujera ya yi sallama. Tituna suka cika da masu takobin haske, a zamanin da labarin fim ɗin kansa ya ce an kusa ƙarar da su.

Ranar 10 ga Disamba, jaridar New York Times ta buga hira da Nancy MacIntyre, babbar jami'ar LucasArts mai kula da wasan. Abin da ta faɗa, a taƙaice, shi ne karatu ya yi yawa a tsohon wasan, yawon koyon abubuwa ya yi yawa, ana son mutum ya kashe ya kwashi ganima ya sake. Ta ce suna son mutane su ji su ne Han Solo ko Luke Skywalker, maimakon Baffa Owen manomi. Ta ƙara da cewa ana son mutane su shiga cikin abin da suka gani a fim, maimakon abin da suka ƙirƙira da kansu.

A nan nake so mu ɗan daɗe. Baffa Owen shi ne manomin da ya riƙi Luke tun yana jariri a hamadar Tatooine, yana tatsar ruwa daga iska da injina yana ciyar da iyalinsa. A fim ɗin 1977 ba a daɗe da farawa ba aka kashe shi da matarsa Beru, labari ya wuce ya bar su. A fim na awa biyu wannan daidai ne, kyamara jarumi take bi. Amma wurin da mutane za su zauna shekara da shekaru, Baffa Owen ne mafi yawa, kuma da yawansu da gangan suka zaɓi zama shi. Telar nan ba Jedi ta nema ta rasa ba. Ɗinki take so, tana son ta ga mutum ya ratsa kasuwa sanye da rigar da sunanta ke jiki. Da aka dube ta daga ofis sai aka ga wadda ta maƙale a ƙaramin matsayi, ana ganin taimakonta za a yi in an ɗaga ta. Ba mugunta ce ta kawo wannan ba, kuma shi ya sa ya fi ban tsoro. Mutanen kirki ne masu takardun lissafi suka zauna a ɗaki mai sanyi, suka ƙirga waɗanda ba su zo ba tukuna, suka manta da ƙirga waɗanda suke ciki. Jimlar MacIntyre ta ƙarshe ita ta fi yi mini nauyi, domin ta nuna sun san mutanen sun gina wani abu da hannunsu. Sun gan shi sarai, suka yanke cewa bai kai abin da ke kan takardarsu ba.

Duk wanda Allah ya ba makullin wurin da wasu ke kwana suna tashi a ciki, yana da taswira a aljihu da hoton wani gari da ya gani ya burge shi, labarin nan bai yi masa nisa ba. Takarda tana iya cewa wurin naka ne, kuma gaskiya ta faɗa. Kamfanin Sony bai karya doka ba, kowane ɗan wasa ya danna amincewa da sharaɗin cewa ana iya sauya wasa a kowane lokaci. Amma takarda ba ta san wa ke bin wa bashi ba, ba ta san dalilin da ya sa mai shayi ya kafa teburinsa kusa da tela ba, ba ta san tsohon da ba zai iya hawa bene ba. Waɗannan sai an zauna da mutane an tambaye su, tun kafin a gama yanke shawara. Kiran taro bayan an riga an sa rana, sanarwa ce aka yi wa ado.

Baƙin da aka share wa fili ba su zo da yawan da aka yi tsammani ba. Mai son irin World of Warcraft yana da World of Warcraft, ba shi da dalilin barin na asali ya zo ga kwaikwayo. Garin neman gira aka rasa ido. Makiyayi ya yi 'yan makonni yana shiga yana tsayawa a ƙofar gida, sannan ya dakatar da biyan kuɗin wata. Tela ta daure ta zauna. A 2007 gidajen da babu kowa sun yi yawa har suna tare fili, sai kamfanin ya sa musu alamar cewa an yi watsi da su, ya ba sauran 'yan wasa damar nuna su a kwashe, da tukuici ga wanda ya nuna da yawa. Ana tattara kayan mai gidan a ajiye masa ko zai dawo. Tela ta ga wani baƙo ya tsaya gaban gidan Magaji, kafin ta ƙarasa wurin fili ne kawai.

A wannan shekara ta 2007 John Smedley, shugaban Sony Online Entertainment, ya fito ya amsa cewa sun yi kuskure, kuma kuskuren shi ne ba su saurari 'yan wasa ba lokacin da ya kamata. Ya nemi afuwa. Na yaba masa, domin masu iko da yawa ba sa kaiwa nan. A shekarar ne kuma aka dawo da wani nau'in kiwo, inda ake ƙyanƙyasar dabba daga ƙwai a cikin na'ura, kuma ma'aikatan da suka biyo baya sun yi aiki tuƙuru har waɗanda suka rage suka sami abin so a wasan. Sai dai afuwar ta sami mutanen da aka yi domin su sun riga sun watse. A Oktoban 2009 aka rufe sabar 12 daga cikin 25. Ranar 15 ga Disamba, 2011, aka kashe wasan gaba ɗaya, kwana biyar kafin a buɗe wani sabon wasan Star Wars na wani kamfani.

Wani zai ce ai sauyi kowane iri ne sai ya yi ciwo, kuma wani lokaci babu makawa sai an rushe. Haka ne. Amma a dubi abin da ya faru a Japan. Kamfanin Square Enix ya fitar da Final Fantasy XIV a Satumban 2010, wasan ya fito a lalace har kamfanin ya nemi afuwa ya dakatar da karɓar kuɗin wata. A Disamba aka ɗora Naoki Yoshida a kansa. Shi ma ya yanke cewa sai an rushe duniyar an sake gini, rushewar da ta fi ta Star Wars Galaxies nisa. Amma ya fara da tambayar 'yan wasa abin da ke damunsu, yana rubuta musu wasiƙu a kai a kai yana faɗin inda aka kwana. Ya sanar da shirin sama da shekara guda kafin ranar, yana kuma ci gaba da gyaran tsohuwar duniyar da ya san za ta tafi. Aka rataya wani jan wata a samaniyar wasan, kullum yana ƙara kusantowa, kowa yana gani da idonsa. Ranar 11 ga Nuwamba, 2012, mutane suka taru a filayen wasan suka tsaya tare har aka kashe na'ura. Da aka sake buɗewa a Agustan 2013, surorinsu da matakan da suka taka suna nan suna jiransu, an rage wa tsofaffin da suka jure kuɗin wata, an rubuta sunayensu a jerin waɗanda ake gode wa. Wannan wasa yana nan da ransa har yau, cike da jama'a.

Wasu 'yan sa-kai kuma, tun wasan Star Wars Galaxies yana raye, suka fara wani aiki mai suna SWGEmu, suna sake rubuta na'urar wasan daga farko, ba da albashi ba, shekara bayan shekara. Bayan an rufe na kamfani da wasu shekaru, saƙon tela ya iso wa Makiyayi.

"Ɗan'uwa, kana nan? An sake buɗe gari."

"Wane zamani suka maido?"

"Na kafin Afrilun 2005. Sana'o'in duka."

"Har da kiwo?"

"Har da kiwo. Amma ka sani, dabbobinka na da sun tafi da na'urar kamfani. Daga jariri za ka fara."

"Magaji fa?"

"Na aika masa. Ya ce in tambaya ko da linzami ake saitawa, na ce masa a'a, irin na da ne. Ya ce a ajiye masa fili kusa da tasha. Ka duba cikin kwalayenka ka nemo faifan asali, ba sa karɓar kowa sai da shi."